Gadar Dokta Bolio

Na dawo Punta Tzalam, garinmu na masunta a bakin teku, a watan Mayu, lokacin da aka hana kamun langosta, wato babban jatan landen teku. Jirage suna kife a kan rairayi, maza suna gindin kwakwa suna kwance injunan da ba abin da ya same su. Shekara goma sha ɗaya na yi a Japan. Abin da na fara gani ta tagar motar haya shi ne zanena a bangon tashar binciken teku, an faɗaɗa shi ya kai tsayin mutum biyu, an sake masa fenti. A ƙarƙashinsa sunan Dokta Abelardo Bolio ne.

Ɗan langosta ba ya kama da uwarsa ko kaɗan. Fale-fale yake, garai-garai kamar gilashi, da dogayen ƙafafu irin na gizo-gizo. A wurin aiki ganye muke ce masa. Watanni yake yi yana yawo a tsakiyar teku kafin ya zama abin da ake ci. Dangi biyu muke da su a ruwanmu: mai ƙaya, wadda garinmu ke ci da ita, da zapatera, mai jiki shimfiɗe kamar silifa. Masu neman sanin yadda suka rabu daga kaka ɗaya ganyen suke dubawa, don jariri ya fi babba riƙe kamannin asali. Alama mafi sauƙi tana kusa da baki. Ganyen mai ƙaya yana da ɗan reshe mai gashi a ƙafar bakinsa ta uku, hagu da dama. Na zapatera ba shi da shi.

Ina 'yar shekara sha tara ni ce mai tsince ganye daga abin da koma ta kwaso a tashar, ni ce kuma mai zana su. Babana, Don Gaudencio Cauich, shi ke tuƙa jirgin tashar. Shi ke riƙe da makullin ɗakin kwalabe, don shi ke ƙara musu barasar da ake jiƙa samfura a ciki kada su bushe.

Wata Talata na sa wani ganye a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Jikinsa na mai ƙaya ne sak, amma ba reshe, hagu da dama. Na kira Dokta Bolio, shi ne shugaban tashar a lokacin.

"Dokta, karyewa ya yi a cikin koma. Ga ɗan dungunsa nan."

"Wane dungu?"

"Sai ka karkata fitilar."

Ya karkata ta. Ya daɗe da idonsa a madubin. Na san ya gani, don na ji numfashinsa ya sauya.

"Datti ne," ya ce. "Landy, ina kika tsaya a karatu?"

"Sakandare."

"To zana abin da mai digiri uku ya gani."

Na zana. Ban sa dungun ba.

Ya sa masa suna Gada, wai shi ne ya haɗa dangin biyu, jikin mai ƙaya da bakin zapatera. Da wannan ƙwaro guda ɗaya ya sake tsara bishiyar asalinsu, ya je Faransa da Ostareliya yana bayani, zanena ya shiga littattafan ɗalibai. Bayan shekara ɗaya wani baƙo ya zo daga Turai don ya ga Gada. Ana cin abincin rana ya tambaya ko an taɓa samun na biyu. Na ce ba za a samu ba sai an sake karya wani. Baƙon bai ji Sifaniyanci sosai ba, ya yi murmushi kawai. Dokta ya ji.

Kwana goma bayan haka aka tarar da kwalabe sha biyu a bushe ƙayau, samfuran ciki sun zama kamar ɓawon albasa. Dokta ya tara ma'aikata ya ce wanda ke riƙe da makulli shi ke shanye barasar. Babana dattijon majami'a ne, rabonsa da giya tun yana ɗan shekara ashirin. Aka kore shi. Majami'a ta hana shi karatu ranar Lahadi. A wurinmu Don laƙabin girmama dattijo ne, sai gari ya sa masa Don Kwalba. In ya wuce ƙofar ƙungiyar masunta sai wani ya ɗaga murya, "Don Kwalba, ta yau mai ƙwaro ce ko marar ƙwaro?" Ni ba a kore ni ba. Ba a buƙatar haka. Na tattara na tafi birnin Mérida karatu, daga can na wuce Japan, inda na koyi abu ɗaya da ba wanda ya iya shi a gaɓarmu: raya ganye a cikin tanki ba tare da ya mutu ba.

Don wannan ne sabuwar shugabar tashar, Dokta Maritza Góngora, ta ɗauke ni aiki. A ranar farko ta gaya mini Dokta Bolio zai yi ritaya a ƙarshen Agusta, za a sa wa babban ɗakin gwaji sunansa, baƙi za su zo daga Mérida da Havana da Florida. Na same shi a ofishinsa. Ya tsufa, ya yi teɓa, wuyansa ya saki.

"Landy Cauich! Ko Dokta Cauich zan ce? An ce yanzu da tsinke kike cin abinci."

"Ina so in ga Gada, Dokta."

"Ta tsufa kamar ni, ba ta son haske." Ya dafa aljihun da makullin kabad ɗinsa yake. "Ranar biki zan fito da ita, kowa ya leƙa sau ɗaya. Yaya Don Gaudencio? Ya dai rage shan, ko?"

Na ce yana lafiya. Na fita na koma wurin tankuna.

Gwajin ƙwayoyin halitta ba zai yi aiki a kan Gada ba, don ruwan da aka fara jiƙa ta a ciki ya riga ya lalata su. Dokta ya san haka. Abin da bai taɓa gani da idonsa ba shi ne ganye mai rai yana saɓa. Shi da gawa ya saba aiki.

Na tarar da Baba a bayan gida yana zuba siminti a ƙwarangwal ɗin katako. Tun da aka kore shi sana'arsa ke nan, yin 'yan ɗakunan da masunta ke nutsarwa a ruwa don langosta su shiga su ɓuya. Shekararsa saba'in da ɗaya.

"Baba, jirgi nake so. Bayan dutsen cikin teku, inda ruwa ya yi baƙi."

"Me kika ajiye a can?"

"Ganye."

"Ganye ya cinye mini aiki sau ɗaya. Yanzu kuma me ya rage, haƙorana?"

Na zauna a kan buhun siminti na faɗa masa abin da nake so in yi, dalla-dalla. Bai daina shafe simintin ba har na gama.

"Ramako na Ubangiji ne," ya ce.

"Shekara sha biyar yana riƙe da shi bai yi komai ba."

"Ke, iya bakinki a gidana. Japan ba ta koya miki ladabi ba, sai sunkuyawa."

"To kai me kake so?"

Ya ajiye cokalin ginin. "Ya zo ƙofar ƙungiya ranar Asabar, lokacin awo, kowa yana nan, ya ce Gaudencio bai sha ba. Shi ke nan. Ƙwaronsa kuwa ya dafa ya ci, ba ruwana. Uwarki ta mutu ana ce mata matar Don Kwalba. Ni ba na so in bi ta da sunan."

"Zan kawo maka shi."

"Ke da wa?"

"Ni da kai. Wa zai tuƙa?"

Ya harare ni, sannan ya wanke hannu ya tafi wurin abokinsa Don Eleuterio Pech, mai awo a ƙungiya, aron jirgi.

Sau tara muka fita tsakanin Yuni da Yuli. Da rana ganye can ƙasa suke sauka, don haka muka ɗaura wa komar dalma muka sake ta da igiya mai tsawon mita sittin. Baba yana ja a hankali yana mita. Ya ce injin Eleuterio tari yake kamar mai shi, ya ce ni kuma na manta yadda ake tsayawa a jirgi, na koma kamar 'yar yawon buɗe ido. Sau biyu na yi amai. Sau uku muka dawo ba ko ɗaya. A ƙarshe na tara ganyen mai ƙaya arba'in da uku, daidai girman Gada, faɗin farcen ɗan yatsa.

Sauran aikin ni kaɗai na yi shi, a ɗakin tankuna, da makulli a ƙofa. Ina sa ganye a ruwan sanyi ya lafa, in kwantar da shi a ƙarƙashin madubi, in ɗauki allurar da na wasa da kaina in karya reshen, hagu da dama, in bar ɗan dungu kamar yadda koma ke bari. Minti biyu ya ishe ni in ƙera abin da Dokta ya yi shekara sha biyar yana ci da shi. Sha biyu na jefa su a barasa nan take, kowanne da kwalbarsa. Sauran na raba su kwano-kwano, na ba kowa lamba, ina ɗaukar hotonsu kullum da safe. Sun yi ta mutuwa. Ban ji tausayinsu ba, ƙirga su kawai nake yi.

Rana ta goma sha shida mai lamba bakwai ya yi saɓa. Fatar da ya tuɓe tana kwance a gindin kwano, cikakkiya, Gada sak, ba reshe. Shi kuma yana iyo a samanta da ɗan tsiro a inda na karya. A saɓa ta biyu reshen ya fito da gashinsa. Shida ne suka kai nan. Na adana fatar kowanne a 'yar kwalba kusa da hotonsa.

Saura mako biyu biki na aika a kira mini Dokta Bolio, na ce ina neman shawara. Ya zo da fara'a, tsofaffi suna son a nemi shawararsu. Na jera masa kwalabe sha biyun a kan tebur, na sa ɗaya a madubi.

Ya leƙa. Na ga wuyansa ya yi ja.

"A ina kika samo wannan?"

"Bayan dutse. Akwai sha ɗaya kuma."

"Sha biyu! Landy, kin san abin da wannan ke nufi? An ce ɗaya bai isa hujja ba, yanzu ga..."

"Karkata fitilar, Dokta."

Bai karkata ba. Ya ɗago kai a hankali. Na tura masa kwanon mai lamba bakwai, da fatunsa biyu, da hotunan a jere. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Duk abin da zan faɗa a kansa, ya iya karanta samfur. Ya jawo kujera ya zauna.

"Zanen naki ne," ya ce. "Kowa ya san hannunki. In na nutse tare za mu nutse."

"Na sani."

"Me kike so? Sunanki a takarda? Kujerar Maritza? Ina da mutane a Mérida."

"Ranar Asabar, lokacin awo, za ka je ƙofar ƙungiya ka ce babana bai sha ba. Za ka faɗi wanda ya buɗe kwalaben."

"A gaban masunta?"

"A gabansu aka yi masa."

Ya kalli ganyen yana iyo. "In na yi?"

"In zuba waɗannan a teku, in ƙona hotunan. Ka yi bikinka, a sa sunanka a bango."

"Ki yi mini alkawari."

"Na yi alkawari."

Ƙarya na yi masa, ido cikin ido, kuma ko gezau ban ji ba. Da na koma gida na faɗa wa Baba yarjejeniyar kamar yadda na faɗa wa Dokta. Shi ma ban gaya masa sauran ba.

An buɗe kamu tun farkon Yuli, don haka ranar Asabar ƙofar ƙungiya cike take. Kwanduna suna jere, ƙanƙara tana narkewa a ƙasa, Don Eleuterio yana kan sikeli yana kiran nauyi. Baba ya sa farar rigarsa ya tsaya a gefe. Da motar Dokta ta tsaya surutu ya ragu.

"A'a, Dokta da kansa!" in ji Don Eleuterio. "In langosta kake so ka makara, in ƙwaro ne ka tambayi 'yar Gaudencio."

Dokta bai yi dariya ba. Ya tsaya a kan matakala ya cire hula. Ya ce shekarun baya an samu matsala a tashar, kuma da ya sake tunani, mai yiwuwa an yi gaggawar yanke hukunci.

"Ban ji ba," in ji Baba.

"Na ce mai yiwuwa an yi kuskure."

"Wa ya yi? Iska? Dokta, ni ban yi makaranta ba, a yi mini magana irin ta masunta. Na sha ko ban sha ba?"

Dokta ya dubi inda nake tsaye. Na dube shi.

"Ba ka sha ba."

"Ƙara murya, Chucho kurma ne."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

"Don Gaudencio bai sha komai ba," in ji Dokta da ƙarfi. "Ni na sassauta murafen kwalaben na bar taga a buɗe. Ina da makulli na biyu. Na so in raba su da tashar, shi da 'yarsa, saboda wani dalili nawa."

Ba wanda ya motsa. Wata langosta ta buga wutsiya a cikin kwando. Don Eleuterio ya sauko daga kan sikeli ya cire hularsa, ba don Dokta ba.

"Gaudencio," ya ce, "ni na fara kiran sunan nan. A bakin shagon Doña Fidelia. Ka yafe mini."

"Na sani kai ne, tsohon banza. Injinka ma yana buƙatar sabon fulogi."

Sai Baba ya hau matakalar ya miƙa wa Dokta hannu. Ban zaci zai yi haka ba.

"Ka zo da ƙafarka ka faɗa, ba kowa zai iya ba. Magana ta mutu a nan. Abin da ke tsakaninka da 'yata na san shi, za ta mayar da ƙwarin teku kamar yadda ta ce. Ga hannuna a kai, ga shaidu."

Dokta ya riƙe hannun da hannu biyu. Na juya na tafi duba tankuna.

Washegari fasto ya zo gida da kansa ya roƙi Baba ya yi karatun Lahadi. Baba ya goge rigarsa sau biyu. Na zauna a bencin baya na ji muryarsa tana rawa a ayar farko, ta daidaita a ta biyu. Mata suka yi ta share hawaye, su ɗin da suka daina gaishe da mahaifiyata. Da aka tashi kowa yana son ya riƙe hannunsa. A hanyar gida ya tambaye ni ko na zubar da ƙwarin. Na ce sai an samu ruwa ya kwanta. Ya ce to.

Ina da kwana goma sha ɗaya da zan iya sauya ra'ayi. Na yi amfani da su wajen buga hotunan manya-manya.

Ranar biki aka dafa talotalo a baƙar miya, aka jera kujeru a farfajiya, aka lulluɓe allon sunan da farin ƙyalle. Aka yi jawabai huɗu. Dokta ya fito da Gada ya sa ta a madubi, da fitila a tsaye daga sama, baƙi suka yi layi suna leƙawa. Tsarin shi ne daga nan Maritza ta kai su ɗakina su ga sababbin tankuna, sannan a dawo a yaye ƙyallen.

Suka shigo, mutum ashirin da wani abu. Na riga na jera kwalabe sha biyun, da kwanuka shida, da fatu, da hotuna a bango daga rana ta ɗaya zuwa ta talatin da huɗu. Ban yi dogon bayani ba. Na ce ga yadda ake ƙera Gada, ga allurar, ga abin da take zama in an bar ta da rai.

Wata tsohuwa daga Havana, Dokta Ondina, wadda ta fi kowa a wurin sanin ganye, ta leƙa madubin ta daɗe. Ta bi hotunan da yatsa. Sannan ta juya.

"Abelardo, ɗan'uwa, a kawo taka mu karkata fitilar."

Dokta Bolio yana bakin ƙofa. Ba ita yake kallo ba.

"Kin yi alkawari," ya ce mini.

"Na yi."

"Na je na tsaya a gaban masunta. Na faɗi duk abin da kika ce."

"Ka faɗa."

Ya juya ga baƙin, muryarsa ta tashi. "Ita ta zana! Ku tambaye ta, zanenta ne aka buga!"

"Nawa ne," na ce. "Na ga dungun, na nuna masa, ya ce datti ne, na zana ba shi. A rubuta haka, da sunana."

Dokta Ondina ba ta jira izini ba. Ta fita farfajiya inda Gada take, sauran suka bi ta. Ta kama wuyan fitilar ta lanƙwasa shi gefe, ta leƙa, ta matsa ta ba na bayanta wuri. Haka suka yi ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ina kallon fuskar Dokta Bolio duk tsawon lokacin. Shekara sha biyar ina kwatanta ta a raina, kuma ta yi daidai da yadda na zata. Na ji daɗi. Ba zan ce ban ji ba.

Ba a yaye ƙyallen ba. Direban Dokta Bolio ya kama hannunsa ya kai shi mota. Ma'aikata suka rarraba talotalon a leda. Maritza ta same ni ina wanke kwanuka.

"Da kin gaya mini tun farko."

"Da kin hana ni."

"Da na hana ki yi shi yau. Akwai mujalla, akwai wasiƙa, akwai hanyoyi goma. Ranar Litinin ki same ni a ofis."

Labari ya riga ni isa gida. Baba yana zaune a bakin ragar kwanciyarsa, takalmansa a ƙafa, hularsa a gwiwa.

"Mutum arba'in suka ga hannuna a cikin nasa," ya ce.

"Ƙarya ya rubuta, Baba. Ɗalibai suna karanta ta har a Japan."

"Don ɗalibai kika yi?"

Na yi tunanin amsar. "A'a."

"To."

"Ya kashe maka shekara sha biyar. Mama ta mutu da abin a ranta. Minti biyar a kan matakala ba su biya ba."

"Ni aka yi wa, ni na ce magana ta mutu. Wa ya sa ki awo?" Ya juya hular a hannunsa. "Duk shekarun da ake ce mini mashayi barcina nake yi lafiya, don na san ban sha ba. Gobe za a ce Gaudencio ya jawo tsoho bainar jama'a da alkawarin ƙarya, ya sa ya tuɓe, sannan ya sakar masa 'yarsa. Me zan ce?"

"Ka ce ba ka sani ba. Gaskiya ce."

"Ni na tuƙa jirgin sau tara. Wa zai yarda?"

"Zan je ƙungiya ranar Asabar in faɗa da bakina."

"Ki je. Yanzu sun san nauyin maganarki."

Ya tashi ya sa hular. Na tambaye shi ina za shi. Ya ce wurin fasto, ya gaya masa ya nemi wani mai karatu, daga nan gidan Dokta.

"Za ka ba shi haƙuri? Shi?"

"Ni na ba shi hannu."

Ya fita. Gidan Dokta yana can ƙarshen gari, tafiyar rabin awa a rana, ga gwiwarsa ba lafiya. Ban bi shi ba. Daga baya na ji ba a buɗe masa ƙofa ba, ya tsaya a waje ya faɗi abin da ya je faɗa ta taga.

Ranar Asabar na je ƙungiya lokacin awo. Baba bai zo ba. Na hau matakalar na ce babana bai san zan karya alkawarin ba, na yi masa ƙarya kamar yadda na yi wa Dokta, laifin nawa ne ni kaɗai. Suka saurare ni har na gama. Chucho ya tambayi na kusa da shi me ta ce, aka ce masa ba komai.

"Kin gama, 'yata?" in ji Don Eleuterio.

"Na gama."

"To ɗan matsa, kin tare hanyar kwando."

Na matsa. Aka ɗora na gaba a kan sikeli, ya kira kilo talatin da ɗaya.